Ƙofar motar safa: yadda Amurka ta kwashe shekara 20 kafin gurgu ya hau bas

A ranar 5 ga Yuli, 1978, mutum 19 masu naƙasa, mafi yawansu a kan keken guragu, suka tare motocin bas biyu a mahaɗar titunan Colfax da Broadway, a tsakiyar birnin Denver na jihar Colorado. Wasu suka sauka daga kekunansu suka kwanta a kan kwalta. Nan suka kwana, suna ta maimaita cewa sai sun hau, har zuwa washegari. Dalilinsu shi ne hukumar sufurin yankin, RTD, ta sayo sababbin motoci sama da 250, kuma babu ko ɗaya mai na'urar ɗaga keken guragu. Sun kai ƙara kotu ba su yi nasara ba, sai suka koma titi.

Shekara 23 kafin nan, a Montgomery, rikicin da kama Rosa Parks ya haifar kan kujera ne: ina baƙar fata zai zauna a cikin bas. Na Denver kan ƙofa ne, domin matakala uku na bakin mota sun isa su hana mutum zuwa aiki, makaranta da asibiti.

Doka ta riga mota isowa

Lokacin da aka yi wannan zaman dirshan, haƙƙin da suke nema ya shekara takwas a rubuce. A 1970 Majalisar Dokokin Amurka ta yi wa dokar sufurin birane gyara, ta ayyana cewa tsofaffi da masu naƙasa suna da haƙƙin amfani da motocin jama'a daidai da kowa, kuma a yi ƙoƙari na musamman domin tabbatar da haka. A 1973 aka zo da sashe na 504 na dokar kula da masu naƙasa, wanda ya haramta nuna musu wariya a duk wani shiri da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A 1974 kuma aka wajabta wa hukumomin sufurin da ke karɓar tallafin tarayya su karɓi abin da bai wuce rabin kuɗin mota ba daga tsofaffi da masu naƙasa a lokutan da babu cunkoso. Wannan rangwame yana aiki har yau.

Sai dai rabin kuɗi ba ya amfanar wanda ya kasa shiga motar. Dokar 1970 ba ta fayyace abin da ake nufi da ƙoƙari na musamman ba, kuma hukumomi suka fassara shi yadda ya yi musu sauƙi: 'yan ƙananan motoci da ake kira ta waya, a yi rajista tun kwanaki kafin tafiya, a jira a ga ko za su zo. Sau da yawa akan fifita mai zuwa asibiti a kan mai zuwa ziyara, har ma'aikacin ofis ya zama shi ke yanke hukuncin wace fita ce ta cancanta.

Waɗanda suka tare motocin Denver sun san irin wannan rayuwa. Da yawansu matasa ne da aka ajiye a gidan kula da tsofaffi saboda babu inda za a kai su. Wani malamin coci, Wade Blank, wanda ya yi aiki a gidan, shi ya taimaka musu suka fita, suka kafa ƙungiyar Atlantis a tsakiyar shekarun 1970 domin su zauna a gidajen kansu. Da suka sami gidajen sai suka tarar babu hanyar fita daga cikinsu.

Gardamar kuɗi

RTD ta sauko, ta amince ta sanya na'urar ɗagawa a wani kaso na motocinta, Denver ta shiga sahun biranen farko da suka kama wannan hanya. A matakin ƙasa kuwa tsugune ba ta ƙare ba. A 1979, zamanin Jimmy Carter, Ma'aikatar Sufuri ta fitar da ƙa'ida cewa duk sabuwar bas da za a saya da kuɗin tarayya sai keken guragu ya iya shigarta. Ƙungiyar hukumomin sufurin jama'a, APTA, ta kai ƙara, kuma a 1981 kotun ɗaukaka ƙara da ke Washington ta ce ƙa'idar ta wuce abin da sashe na 504 ya ba da dama. Gwamnatin Ronald Reagan ta bar wa kowane gari zaɓi: ko ya gyara manyan motocinsa, ko ya tanadi ƙananan motocin kira.

Hujjar hukumomin ba ta banza ba ce. Na'urorin wancan zamani suna da tsada, suna yawan lalacewa, musamman a lokacin ƙanƙara, kuma a wasu garuruwa da kyar ake ganin mai amfani da su. Masu fafutika suka amsa da cewa ba wanda zai dogara da layin da mota ɗaya cikin biyar ce za ta ɗauke shi, wadda ita ma wataƙila na'urarta ta mutu. Ƙarancin fasinja sakamakon rabin gyara ne. Suka ƙara da lissafi: na'ura sau ɗaya ake sayenta, ta yi aiki tsawon rayuwar motar, amma motar kira kowace tafiya sai an biya direba da mai saboda mutum ɗaya ko biyu.

A 1983 mutanen Atlantis suka kafa ADAPT, suka riƙa bin taron shekara-shekara na APTA daga gari zuwa gari, suna tare motoci da ƙofofin otal, ana kama su. A ranar 12 ga Maris, 1990, masu zanga-zanga da dama suka bar kekunansu suka hau matakalan ginin Majalisa a Washington da rarrafe, cikinsu har da yarinya 'yar shekara takwas, Jennifer Keelan. Ranar 26 ga Yuli na wannan shekara George H. W. Bush ya sa hannu a dokar Amurkawa masu naƙasa, ADA.

Dokar ta haɗa hanyoyin biyu da aka yi ta jayayya a kansu. Duk sabuwar bas ta layi dole keken guragu ya shige ta. Wanda kuma naƙasarsa ta hana shi amfani da layin, hukuma za ta ɗauke shi a motar kira a yankin da bai wuce kimanin kilomita 1.2 daga layin ba, a kan kuɗin da bai wuce ninki biyu na na kowa ba, ba tare da an tambaye shi dalilin fitarsa ba. Daga shekarun 1990 motoci masu ƙasan daɓe suka yaɗu, wani faifan ƙarfe mai sauƙi da ake shimfiɗawa a bakin ƙofa ya maye gurbin na'urar ɗagawa. Tsoho mai sanda da uwa mai turin jariri duk suka ci gajiyar abin da guragu suka yi yaƙi a kansa.

Waɗanda suka ci gaba da jira

Tafiya tsakanin gari da gari ta fi daɗewa. Dokar 1982 da ta sassauta wa kamfanonin dogon zango ƙa'idoji ta ba su damar barin hanyoyin da ba riba, ƙananan garuruwa da yawa suka rasa mota gaba ɗaya, alhali tsofaffi da marasa mota sun fi dogara da ita a can. A 1991 aka ware kashi 15 cikin ɗari na tallafin sufurin karkara domin layukan da ke haɗa garuruwa. Manyan kamfanonin dogon zango kuwa sai 2012 wa'adin gyara dukkan motocinsu ya cika. Tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa sun fi komai wuya: a 2022 hukumar sufurin New York ta amince, bayan ƙararraki, za ta gyara kashi 95 cikin ɗari na tashoshin jirginta na ƙarƙashin ƙasa nan da 2055.

Masu ƙaramin ƙarfi su ne dokar tarayya ba ta taɓa ba wa rangwamen dole ba. Tsufa da naƙasa ana tabbatar da su da kati ko takardar likita. Talauci kuwa sai an binciki abin da gida ke samu, kuma hukumomin sufuri ba su da ma'aikatan wannan aiki. Sai a shekarun baya-bayan nan wasu yankuna suka ɗauki nauyin da kansu, suna jingina da rajistar hukumomin jin ƙai: yankin Seattle a 2015, birnin New York a 2019, ita ma RTD ta Denver a 2019 da rangwamen kashi 40 cikin ɗari, shekara 41 bayan daren Colfax.

A Najeriya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa a Janairun 2019, da wa'adin shekara biyar na gyara gine-ginen jama'a da ababen hawa. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Tarihin Amurka ya nuna cewa ayyana haƙƙi a 1970 bai sauya ƙofar yawancin motoci ba, har sai da aka ɗaura shi a kan takardar sayen motoci a 1990. Bas takan yi shekara 12 ko fiye tana aiki, saboda haka duk motar da wata jiha ta sayo bana da dogayen matakala, ta yanke wa gurgu da tsoho hukuncin jira har ƙarshen rayuwar motar.