Tarihin Ɗan Manne da Danginsa

Yau labarinmu na bakin teku ne. Wanda ya taɓa zuwa Kwatano ko Lome ya ga wani ɗan abu mai ɓawo manne da duwatsu da cikin jiragen ruwa. Faransawa na ce da shi balan. Mu kira shi ɗan manne.

Mutanen Turai sun daɗe suna ruɗewa a kansa. Wajen shekarar 1188 wani malamin coci, Jeral na ƙasar Wales, ya rubuta cewa daga jikin wani irinsa ne wata dinya take fitowa. Dalili kuwa, ba wanda ya taɓa ganin ƙwan dinyar nan, don can arewa mai ƙanƙara take sheƙa. Har wasu suka riƙa cin namanta lokacin azuminsu, wai ai ba nama ba ne!

Manyan masana ma, irin su Linne na Suwidin da Kubiye na Faransa, ɓawon suka duba, suka sa shi cikin dangin katantanwa. Sai a 1830 wani likitan soja a Ailan, John Thompson, ya wallafa yadda ya kamo wasu ƴan ƙwari masu iyo cikin teku, ya ajiye su, ya zuba ido. Da idonsa ya ga sun manna kansu ga jikin abu, sun yi ɓawo, sun zama ɗan manne. Ashe ɗan uwan ƙaguwa da jatan lande ne. A kife yake zaune, yana miƙo ƙafafu yana sharo abinci daga ruwa. A ganina aikin likitan nan ya fi na manyan, don shi ƙuruciyar dabbar ya bi, bai tsaya ga rigarta ba.

Charles Darwin na Ingila ya samo wani ƙanƙani a gaɓar Cile a 1835. Ya zauna kan dangin duka shekara 8, daga 1846 zuwa 1854. Ya tarar galibinsu kowane ɗaya namiji ne kuma mace, a wasu kuwa namijin ɗan mitsitsi ne, maƙale jikin macen. Bambancin da ya gani tsakanin ƴan iri ɗaya ya ƙarfafa littafinsa na 1859 kan yadda jinsuna ke sakewa.

Yanzu binciken ƙwayoyin gado ya haɗa dangin ƙaguwa da ƙwari cikin zuriya guda. Wato farar da ake soyawa a kasuwar Maraɗi ta fi katantanwa kusa da ɗan manne.