Nauba: Tarihin Kiɗan Ƙofar Sarki a Ƙasashen Asiya

Cikin daulolin Musulmi na zamanin da, ana gane mai mulki da ambaton sunansa cikin huɗubar Juma'a da buga sunansa a jikin kuɗi. Waɗannan biyu malaman tarihi sun yi ta rubutu a kansu. Akwai alama ta uku da ba a faye kula da ita ba, watau kaɗa ganga da busa ƙaho a ƙofar gidan sarki bisa lokutan da aka ƙayyade kullum. Larabawa suna kiran wannan kiɗa nauba, Farisawa da mutanen Hindu kuwa naubat. Asalin ma'anar kalmar shi ne juyi, irin na masu gadi, wani ya sauka wani ya karɓa, kuma tushenta ɗaya da kalmar na'ibi da Hausa ta ara. Sunan da kansa ya nuna aiki ne mai lokaci, kamar kiran salla.

A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, halifa kaɗai ake yi wa nauba sau biyar a yini, daidai da lokutan salla. Cikin shekarar 945 mayaƙan Banu Buwaihi, mutanen duwatsun Dailam, suka shiga birnin suka riƙe soja da baitulmali, halifa ya zama ba shi da kome sai suna. Duk da haka sai da aka yi shekara talatin da ɗoriya kafin ɗayansu ya sami ganga a ƙofarsa. Wajen shekarar 979 Halifa Ɗa'i'u ya yarje wa Adudud Daula nauba uku, da asuba da magariba da lisha, ya riƙe biyu. Mutumin da ke iya tuɓe halifa in ya ga dama ya tsaya neman izinin kaɗa fata, halifan da ba shi da dakaru kuma ya tsaya ciniki a kan adadi, domin su biyu sun san abin da mutanen gari ke ƙirgawa in sun ji amo daga fada. Kafin a cika shekara hamsin magadan Adudud Daula sun kai tasu biyar.

Daga nan al'adar ta bi sarauta duk inda ta tafi. Babban sarki in ya naɗa wani a kan ƙasa, sai ya aika masa da tuta da ganga. In an ci sarki da yaƙi, gangunansa suna cikin abin da ake fara kwasa. Riwayar Turkawa ta ce haka daular Usmaniyya ta soma, wai Sarkin Saljuƙawa na Konya ya aika wa Usman Gazi da tuta da tambari a ƙarshen ƙarni na 13. An rubuta labarin ne bayan zamanin da nisa, saboda haka ba a kafa hujja da shi a kan abin da ya faru, amma ya isa shaida cewa marubutan fada sun ga ba a fara daula sai da ganga.

Bayani mafi cika ya zo daga ƙasar Hindu. Abul Fadli, amintaccen Sarki Akbar wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya jera kayan gidan nauba cikin littafinsa Ain-i Akbari, ya sa su cikin babin alamun sarauta tare da karaga da laima da tutoci, bai sa su cikin babin mawaƙa ba. Ya ce akwai manyan tambura wajen 18, kowane da abokinsa, da naƙƙara wajen 20 su ma biyu-biyu. Naƙƙara ganga ce mai siffar tukunya, baki ɗaya, ana ajiye ta a ƙasa a kaɗa da sanduna biyu, ɗaya mai kaurin murya ɗaya mai zaƙi. Akwai duhul 4, watau ganga mai baki biyu, da surna 9, na Farisa da na Hindu, wadda ita ce 'yar'uwar algaita. Akwai karna, dogon ƙaho na zinariya ko azurfa ko farin ƙarfe, ba a busa ƙasa da 4 a lokaci guda, sa'an nan da fayafayan tagulla da ake gwarawa. Ya ce da ana yi wajen sa'a ɗaya da rabi kafin dare da kuma kafin wayewar gari, Akbar ya mai da su tsakar dare da fitowar alfijir. Ya ƙara da cewa Sarkin da kansa gwani ne wajen kaɗa naƙƙara.

Jikansa Shah Jahan, da ya gina Lal Kila, watau Jar Ganuwa ta Dilli, tsakanin 1639 da 1648, ya sa gidan nauba a bisa ƙofar da ke kai mutum zauren da Sarki ke zaman jama'a. Nan kowa ke sauka daga abin hawansa, in ba 'ya'yan sarki ba. Wani likita Bafaranse, François Bernier, wanda ya zauna Dilli zamanin Aurangzeb, ya rubuta cewa da fari kunnensa bai iya jure ƙarar ba, amma da ya saba, musamman in ya ji ta da dare daga nesa yana kwance a kan soro, sai ta zame masa abu mai kwarjini da daɗi. Maganarsa ta faɗi gaskiyar kayan, gama an ƙera su ne don sarari, a ji su a bayan ganuwa.

A Santambul irin wannan ƙungiya sunanta mehter, kuma tana haɗe da rundunar Yeniceri, dakarun Sarkin Musulmi. Ana auna girman mai ita da ninki: na Sarki ninki tara ne, watau kowane irin kaya guda tara. Turawa sun ji ta a fagen fama ɗaruruwan shekaru, daga baya suka ari babbar ganga da fayafayan tagulla suka sa cikin badujalar sojansu, har mawallafan kiɗa irin su Mozart da Beethoven suka kwaikwayi salon. Cikin 1826 Sarki Mahmud na biyu ya hallaka Yeniceri, ya rushe mehter tare da su, cikin 1828 kuma ya ɗauko wani Ba'italiye, Giuseppe Donizetti, ya kafa masa badujala irin ta Turai. Ashe abin da aka ara daga Turkawa ne ya komo musu da baƙin kaya. Mehter da ake gani yau a gidan tarihin soja na Santambul farfaɗowa ce, an sake tsara ta domin bikin 1953 na cika shekara 500 da cin birnin.

Sauran gadajen sarauta suka bi ɗaya bayan ɗaya. Ingilishi suka kori Bahadur Shah daga Dilli bayan tawayen 1857. Sarkin Buhara, wanda gidan naubarsa ke bisa ƙofar fadar Ark, ya gudu cikin 1920 da sojan Bolshebik suka ci birnin. Sarakunan gargajiya na Hindu sun rasa mulki bayan 1947, aka yanke musu albashi cikin 1971. Kiɗan da dalilinsa duka shi ne sarki, sai a zaci zai bi sarki kabari. Bai bi ba.

Wani sashe ya fake a hubbaren waliyyai, inda ma'anarsa ta da ba ta sāke ba, gama mai kabarin sarki ne a wurin masu ziyara. A Mashhad ta ƙasar Farisa har yanzu ana hawa hasumiya a hubbaren Imam Rida a kaɗa naƙƙara a busa karna gab da fitowar rana da gab da faɗuwarta, ana kuwa dakatawa cikin watannin makoki na Muharram da Safar. Wani sashe ya hau dandali. Bismillah Khan, wanda aka haifa a Dumraon cikin 1916 ya rasu cikin 2006, zuriyar mabusan gidan naubar Sarkin garin ne, ya koyi shehnai a hannun kawunsa da ke busa a wani ɗakin bautar Hindu a Banaras. Shi ya fitar da wannan algaita daga ƙofar fada ya zaunar da ita cikin manyan makaɗan raga. Ya yi busa a Lal Kila cikin watan Agusta na 1947 da ƙasar ta sami mulkin kai, cikin 2001 aka ba shi Bharat Ratna, lambar girma mafi ɗaukaka ta ƙasar.

Sashe mafi yawa kuwa ya koma gidan biki, kuma nan maganar ke da wuya. A Uzbekistan da Tajikistan karnay, mai tsawon wajen ƙafa shida ko fiye, shi da surnay ke rakiyar ango, su ke tara mutane in masu tafiya a kan igiya za su yi wasa. A ƙasar Turkawa ba a biki ko kokawa sai da dabul da zurna, kamar a kokawar mai ta Kirkpinar kusa da Edirne. Masu tattara kiɗan gargajiya sukan rubuta duk wannan a matsayin kiɗan talakawa, kamar a ƙauye aka haife shi. Rabin maganar gaskiya ne, domin busa mai ɗan kara a baki ta girmi Musulunci da nisa, ba mamaki fada ce ta ɗauke ta daga ƙauye tun farko. Amma dogon ƙahon tagulla wanda ba ya fitar da murya sai biyu ko uku ba kayan makiyayi ba ne, sai mai maƙera da dukiya ke sa a ƙera shi, aikinsa kuma shela. In aka gan shi gaban ango, aron sarautar yini ɗaya ce. Abin da bai sāke ba shi ne matsayin mabusan. A Anadol galibinsu daga jama'ar Abdal ne ko Roma, a wurare da yawa na Afganistan wanzamai ne, ana bukatarsu a kowane sha'ani, ba a kuwa son ba su aure.

Mai karatu Bahaushe ya riga ya gane hoton, gama ya san tambari da kakaki da algaita a ƙofar fada daren Juma'a. Dangantakar ta gaskiya ce, amma ta arewa ta biyo. Kalmar algaita daga Larabcin Magrib take, inda ake ce wa kayan gaiɗa, har ta zo da harafin al- manne da ita kamar alƙali da albasa. Sunan surna na Farisa, wanda ya kai har Sin inda ake cewa suona, bai iso nan ba. Wurin Buzaye kalmar ettebel tana nufin ganga, tana kuma nufin sarautar da kanta da jama'ar da ke ƙarƙashinta. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa ya fara, tsakanin 1463 da 1499, watau kusan shekara ɗari kafin Abul Fadli ya ƙirga na Akbar.