Salansar Bindiga da Dala 200 ta Shekarar 1934

Ɗan'uwa, in an ce salansa, hankalinka zai tafi kan mota ko babur. To a nan Amurka akwai wata salansar da ake ɗaura wa bakin bindiga, kuma sama da shekara casa'in ke nan ana gardama a kanta.

Wanda ya fara sayar da ita shi ne Hiram Percy Maxim, wanda ya yi mata rajistar ƙirƙira a 1909. Sunan nan ba baƙo ba ne a tarihinmu: mahaifinsa, Hiram Stevens Maxim, shi ya ƙera bindigar nan mai aman harsasai da sojojin Ingila suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Uba ya cika duniya da ƙara, ɗa ya zo yana neman rage ta. A lokacin, da 'yan daloli kaɗan mutum zai saye ta, ba takarda, ba tambaya.

Abin ya canza a 1934. Ƙasar ta fito daga zamanin haramta giya, lokacin da 'yan daba irin su Al Capone suka addabi Chicago, har aka harbe mutum bakwai a rana ɗaya a 1929. Majalisa ta yi dokar bindigogi ta ƙasa. Maimakon haramtawa kai tsaye, sai ta sa haraji: duk mai son salansa ko bindiga mai sarrafa kanta zai biya dala 200, ya yi rajista da gwamnatin tarayya. Wannan kuɗi a ƙimar yau ya haura dala 4,000. Ka ga ke nan an rufe wa talaka ƙofa ba tare da an ce masa an hana ba.

Sai dai ba a taɓa ƙara harajin ba. Shekaru suna tafiya, darajar dala tana faɗuwa, katangar da aka gina da kuɗi tana zaizayewa, har ta zama ta tsallakawa.

Masu neman sassauci, galibi mafarauta da masu wasan harbi, suna cewa finafinai ne suka yaudare mu. Harbi yakan wuce ma'aunin ƙara 140, salansa kuwa abin da take ragewa bai fi 20 zuwa 35 ba. Ana jin harbin sarai, kunne ne kawai yake samun sauƙi. Suna kawo misali da Finland da Norway, inda mafarauta ke amfani da ita ba wani surutu. A 2015 suka gabatar da ƙudurin da suka kira na kare ji, amma bai wuce ba.

Masu adawa kuma suna cewa ƙarar bindiga ita ce gargaɗin maƙwabci: da ita ake sanin ta ina harbi yake fitowa, a san inda za a gudu. Suna tuna wa mutane Virginia Beach, inda a watan Mayun 2019 wani ya kashe mutum 12 a ofishin gwamnatin birni, da salansa a bakin bindigarsa.

A watan Yulin 2025 aka sa hannu kan dokar da ta mayar da harajin sifili daga farkon 2026, rajista kuma aka bar ta. Yanzu gardamar ta koma kan rajistar: in babu haraji, da wace hujja gwamnati za ta ci gaba da riƙe sunayen mutane?

Kai dai kada labarin sassauci ya ruɗe ka. Jihohi takwas, ciki har da New York da New Jersey da Illinois da California, inda 'yan'uwanmu da yawa ke zaune, sun haramta ta ga farar hula. Abin da yake halal a Texas, a Bronx laifi ne mai kai mutum gidan yari, ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba kuma har zamansa yakan shafa. Ka ja wa samarin gidanka kunne.