Gubar Ƙarafa a Lakar Bakin Kogi: Darasin Minamata

Hukumomin kula da muhalli sun fi son auna ruwa, domin ɗibarsa ba wuya, sakamakonsa kuma yakan kwantar da hankali. Sai dai awon ruwa kaɗai ba ya nuna lafiyar kogi. A laka ya kamata a duba.

Dalma da zaiba da kadmiyam ba sa ruɓewa. Idan suka shiga kogi daga masana'anta ko ramin ma'adinai, sai su manne wa ƙwayoyin yumɓu da ruɓaɓɓen tsiro. Inda ruwan daɗi ya gamu da na gishiri, ƙwayoyin kan dunƙule su nutse, shi ya sa guba ta fi taruwa a bakin kogi. Can ƙasa, inda iska ba ta kaiwa, yawancin ƙarafan kan haɗu da farar wuta su lafa. Zaiba ce mai taurin kai: wasu bakteriya na mai da ita nau'in da ke shiga tsokar kifi, babban kifi ya ci ƙarami, masunci ya ci babban.

A Minamata ta ƙasar Japan, kamfanin Chisso ya yi ta zubar da ruwa mai zaiba daga 1932 har 1968, duk da an gano cutar da zaibar ta haifar wa mutane tun 1956. A 1958 ma sai ya karkatar da magudanarsa zuwa bakin kogin Minamata, gubar ta bazu cikin tekun Shiranui. Rufe magudanar bai kashe maganar ba. Sai da aka girke raga a 1974 don tsare gurɓatattun kifaye, aka yashe laka kimanin kubik mita miliyan 1.5 tsakanin 1977 da 1990, ragar kuwa ba a cire ta ba sai 1997.

Wani zai ce ai yashe ya yi maganin abin. Da sauƙi dai, amma ba a hallaka zaibar ba. Killace ta aka yi a ƙarƙashin filin da aka cike a gaɓar tekun. Yashen ganganci kuwa tayar da guba yake yi, domin da zarar laka ta sha iska sai farar wutar ta saki abin da ta riƙe. A ganina, bai kamata a ba da izinin haƙar yashi ko faɗaɗa hanyar jirage a tafkin Legas ko rafukan Neja Delta ba, sai an haƙo lakar wurin daga zurfi daban-daban an auna ta.