Liyafar dare: Wace sutura ta dace da wane taro?

Katin gayyata na zamani ba ya tsayawa ga faɗin rana da wuri da lokaci. Sau da yawa akan ƙara da irin suturar da ake son baƙi su zo da ita, musamman idan liyafar cin abincin dare ce, wadda aka fi sani da dina.

Wannan kan jefa mutane cikin shakka, ko a bikin aure a Gusau da Sakkwato, ko a taron gwamnati a Abuja, ko kuma cikin manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, inda har yau ake keɓe wasu darare domin ado.

Cikakkiyar suturar Bahaushe karɓaɓɓiya ce a waɗannan wurare. Sai dai ita ma tana da matakai, kuma wanda bai san su ba yana iya gazawa, ko ya wuce gona da iri.

Matakan suturar maza

Wanda ke son ganin matakan nan a wuri guda, sai ya tsaya ƙofar fada ranar Sallah a Bukkuyum ko Gummi, ko a Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, shugaban majalisar sarakunan jihar.

Mataki na farko shi ne kaftani da wando da hula. Shi ne suturar ma'aikaci da ɗan kasuwa, kuma ya wadatar wajen suna ko ziyara ko cin abinci tare da abokan aiki.

Mataki na biyu shi ne babbar riga, wadda ba ta cika sai da wando da 'yar ciki da hula. Ita ce suturar ɗaurin aure da Idi da gaisuwar sarki, da duk wani taro da ake son a nuna an girmama mai shi.

Mataki na uku shi ne rawani da alkyabba. Malamai da dattawa kan yi rawani, amma yanayin naɗin yana nuna matsayin mutum. A masarautu da dama, rawani mai kunne biyu na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta. Alkyabba kuwa sarki ke yafa wa mutum ita ranar naɗinsa.

Saboda haka kuɗi na iya kai mutum mataki na biyu, amma ba su kai shi na uku. Wanda ya yafa alkyabba ya shiga taro ba tare da sarauta ba, ya jawo wa kansa tambaya.

Yadi da aiki

Darajar babbar riga tana ga yadinta da aikinta. Shaddar da aka fi ji da ita, wato gezna, ta samo sunanta daga kamfanin Getzner da ke garin Bludenz a Ostiriya, wanda aka kafa a 1818. Akwai masu kama da ita masu araha daga Sin, kuma duka ana samunsu a Kantin Kwari da ke Kano, inda 'yan kasuwar jihohin arewa da dama ke sarin kaya.

Kafin shadda ta mamaye kasuwa, manyan riguna na saƙi ne da tsamiya, waɗanda masaƙan Hausa da Nufe ke saƙawa ƙwarya-ƙwarya a haɗa. Rini da bugu kuwa sun shahara a Kano da Kura.

Aikin hannu irin su aska biyu da aska takwas, wanda birnin Zariya ya yi suna a kansa, yakan ɗauki makonni ko watanni, shi ya sa ya fi na keke da na kwamfuta tsada. Hula ma haka take: zanna bukar ko ƙube ta aikin hannu ta fi dacewa da babbar riga, kuma ana so launinta ya bi na aikin rigar.

Suturar mata

Ga mata, leshi ne ke matsayin babbar riga. Mafi tsadarsa na fitowa daga Suwizalan da Ostiriya. Bayansa sai shadda mai aiki, sai atamfa, wadda mafi darajarta ita ce ta kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, da aka kafa a 1846.

Ɗinkin na iya zama riga da zani, ko riga da siket, ko doguwar riga, tare da ɗankwali da mayafin da ya dace da launin kayan. Lafaya, wadda aka fi sani da matan Barno, ta bazu cikin Hausawa, kuma tana haɗa ado da rufe jiki a lokaci guda. Abaya mai ado ita ma ta samu shiga.

A bikin aure akwai ƙa'idar da ba a rubutawa: baƙuwa ba ta yin adon da zai dushe na amarya.

Walima da dina

A garuruwa irin su Bukkuyum da Nasarawar Burkullu, walima aka fi sani, ba dina ba. Akan yi ta a gida ko ƙofar gida, maza daban mata daban, galibi tare da wa'azi da addu'a. Fararen kaya masu tsabta sun isa namiji, mace kuma ta sa hijabi ko babban mayafi.

Dina kuwa al'adar birni ce, ana yin ta a ɗakin taro da dare, da tebura da kujeru da masu ɗaukar hoto. A nan ne ake fitar da anko, wani lokaci har a hana wanda bai sa shi ba shiga.

Malamai da dama na sukar dina saboda cakuɗuwar maza da mata da yawan kashe kuɗi. A Zamfara, wadda ta fara aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, wannan suka tana da ƙarfi, kuma iyalai da yawa kan tsaya ga walima.

Asalin ƙa'idar kayan dare

Rubuta irin sutura a kan katin gayyata al'ada ce da aka aro daga Turai. A ƙarni na 19 manyan Ingila kan canza kaya kafin cin abincin dare. A 1865 telolin Henry Poole na Landan suka ɗinka wa Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, wata gajeriyar kwat ta zaman dare. Ita ce ta rikiɗe ta zama baƙar kwat ɗin da Amurkawa ke kira taksido, wadda ake sawa da farar riga da ƙaramin maɗaurin wuya mai siffar malam-buɗe-littafi.

Al'adar ta bi fasinjoji cikin jiragen ruwa, har da na kamfanin Elder Dempster da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Ingila. Na ƙarshensu, Aureol, ya yi aiki daga 1951 zuwa 1974.

Ta ruwa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921. Haka ma Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman a 1934. Da rawunansu suka je, da su suka dawo.

Shugabannin siyasa sun bi sahu. Da suturar gida Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gana da Shugaba Kennedy a Amurka a 1961, haka kuma Shugaba Shehu Shagari a ziyarar da ya kai Birtaniya a 1981. A liyafar fadar Birtaniya da ta kyautar Nobel, ana karɓar suturar ƙasar baƙo daidai da mafi girman kayan Turawa.

Cikin jirgin ruwa

Jiragen yawon shaƙatawa na cikin wuraren da wannan ƙa'ida ta fi daɗewa da ranta. A jiragen Cunard, irin su Queen Mary 2 da ya fara aiki a 2004, ƙa'idar sutura tana fara aiki daga ƙarfe shida na yamma. A yawancin kamfanoni, tafiyar mako guda takan ƙunshi darare biyu na ado.

Akwai masu sassauci. Kamfanin Norwegian ya daina tilasta daren ado tun shekarar 2000. A Saudiyya kuma, jirgin Aroya ya fara ɗaukar fasinjoji daga Jidda a Disamban 2024, da abincin halal da wuraren sallah.

Ga matafiyi Bahaushe, lissafin mai sauƙi ne. A daren da ba na ado ba, kaftani da hula sun isa, mace kuma atamfa ko abaya. A daren ado, babbar riga ce ke tsayawa a madadin taksido, leshi ko lafaya kuma a madadin doguwar rigar dare. Kamfanoni da dama, ciki har da P&O na Birtaniya, suna karɓar cikakkiyar suturar ƙasa, amma ya kamata a karanta ƙa'idar kamfanin kafin a biya kuɗi.

Abin da aka saba hanawa a babban ɗakin cin abinci shi ne gajeren wando da singileti da silifa da hular hana-sallah. Takalmi sau-ciki ya fi buɗaɗɗe aminci. Wanda bai cika sharaɗi ba ana iya mayar da shi daga bakin ƙofa, sai ya koma ɗakin abinci na ɗebi-da-kanka.

Yawancin jiragen ba sa barin fasinja ya shiga da dutsen guga saboda tsoron gobara. Mai shadda sai ya kai ta wanki da guga tun daga gida, ya ninke ta da kyau, ko ya biya a goge masa a jirgin.

Iyakar da addini ya sa

Malamai sun haɗu a kan cewa zinariya da tsantsar alharini haramun ne ga maza, halal ne ga mata. Wannan ya shafi mai sayen kayan Turawa, domin maɗaurin wuya mai tsada da fuskar kwalar taksido akan yi su da alharini. An yi rangwame ga ɗan kaɗan da bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, kuma da yawa daga cikin na kasuwa a yau na zaren roba ne. Takardar da ke jikin kayan takan nuna abin da aka yi su da shi.

Ga mata, sharaɗin shi ne kada kayan su matse ko su nuna jiki. Leshi mai huji-huji yana buƙatar shafi a ciki.

Akwai kuma batun almubazzaranci. Anko kan tilasta wa mutum sayen yadin da ba zai sake sawa ba, wasu har da cin bashi. Babbar riga guda mai kyau kuwa, idan ana kula da wanki da bugunta, takan yi shekaru tana fita kunyar mai ita, daga filin Idi har teburin kyaftin.