Faifan sola na gida: yadda ake gane farashi mai kyau a Tchaké, Mayahi da Tasawa

Faifan sola, wanda wasu ke kira pano, shi ne ke mayar da hasken rana ya zama wutar lantarki. A karkarar Tchaké, cikin gundumar Mayahi, gidaje da yawa ba su da layin NIGELEC. Su ma mutanen gari sun ƙara neman sola tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar. Ba baƙon ilimi ba ne a yankin: Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda ya daɗe yana shugabantar ONERSOL, ma'aikatar binciken makamashin rana, a Tasawa aka haife shi a 1929.

Lissafi kafin ciniki

Ba a fara da tambayar kuɗi, ana farawa da abin da gida zai kunna. Ƙwan fitila huɗu masu wat 5 na awa biyar, fanka mai wat 20 na awa takwas, talabijin mai wat 40 na awa huɗu, da cajin wayoyi: jimla wajen wat-awa 450 a rana. Faifai mai wat 150 zai ɗauki wannan, domin a nan ana samun kamar awa biyar zuwa shida na rana mai ƙarfi, ko da an cire abin da zafi da ƙura da waya ke ci. Firij ko injin jan ruwa kuwa lissafinsu daban ne.

Sannan a raba kuɗin da yawan wat. A ce an yi wa mai wat 100 kuɗi jaka 30, mai wat 150 kuma jaka 40. Na farko kowane wat ya kama sefa 300, na biyu wajen 267. Mai tsadar shi ne mai araha.

Matsalar ita ce takardar da ke manne a bayan faifai ba kullum take faɗin gaskiya ba. Faifan zamani mai faɗin murabba'in mita ɗaya yana ba da wajen wat 200. In aka ga ƙarami an rubuta masa 300, a bar shi. A sa mai shago ya fito da shi rana tsaka ya auna da mita. Faifan da aka yi don batir mai bolt 12 ya kamata ya nuna bolt 21 zuwa 22, kuma mai wat 150 ya ba da amfiya 8 ko kusa da haka. Bolt kaɗai ba hujja ba ce, don lalataccen faifai ma yana iya nuna ta. Ɗan kasuwar da ya ƙi a auna, a wuce shago na gaba.

Batir ne ke cin kuɗi

Faifai mai kyau yana wuce shekara 20, batir na gubar dalma kuwa ƴan shekaru ne. Mai bolt 12 da Ah 100 yana riƙe wat-awa 1,200, amma rabi kawai ya kamata a sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. Batirin mota ba don wannan aiki aka yi shi ba. Na lityom ya fi tsada, ya kuma fi daɗewa nesa ba kusa ba. Kada a haɗa faifai da batir kai tsaye ba tare da regilato ba. Ƙaramin kuɗi ne, shi ke hana caji ya wuce ƙima.

Yawancin kayan ƙirar China ne, wasu ta Kano suke shigowa Maraɗi, shi ya sa farashi ke motsi da canjin naira. Maraɗi ta fi zaɓi, amma a haɗa da kuɗin mota da haɗarin fashewar gilashi a hanya. Wani lokaci shagon Tasawa ko Mayahi da zai karɓi kaya in sun ƙi aiki ya fi riba. A karɓi rasit mai sunan kaya da wa'adin garanti.

A kafa faifan yana fuskantar kudu, a karkace shi wajen digiri 15, nesa da inuwar gawo ko katanga. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙura da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi.