Malam Aminu Kano a Majalisar Gowon: Kwamishinan Lokacin Yaƙi

Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba Nijeriya zuwa jihohi 12, Jalingo da sauran ƙasar Muri suka faɗa Jihar Arewa maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri. Bayan kwana uku Ojukwu ya ayyana Biyafara. Cikin wannan zullumi Gowon ya gayyato farar hula majalisarsa: Awolowo ya riƙe kuɗi, Okoi Arikpo harkokin waje, Ali Monguno ya zo daga Jihar Arewa maso Gabas. Malam Aminu Kano kuwa aka ba shi sadarwa.

Abin ya ba mutane mamaki. Ga mutumin da tun kafa jam'iyyar NEPU a 1950 yake adawa da masu mulki, mai sha'awar tafarkin Gandhi na gwagwarmaya ba da makami ba, yau kuma yana zaune da sojoji. Sai dai Malam ba baƙo ba ne a zauren jakadanci, don bayan ya ci kujerar Kano ta Gabas a 1959, Tafawa Ɓalewa ya riƙa sa shi cikin wakilan Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Sannan ƙirƙiro jihohi abu ne da ya goyi baya, domin ya karya danniyar tsohuwar Jihar Arewa a kan talakawa da ƙananan ƙabilu. A ganina, ƙasar da ta fara wannan gyara ita ya shiga karewa, kuma shigarsa daidai ce.

An fara harbi ranar 6 ga Yuli 1967. Yayin da T. Y. Danjuma, ɗan Takum, ke fagen daga ta wajen Inugu, Malam yana fagen magana. A Mayu 1968 Malam yana Kampala cikin tawagar da Anthony Enahoro ya jagoranta, suna fuskantar Louis Mbanefo na Biyafara. Biyafara ta ce a tsagaita wuta tukuna, gwamnatin tarayya ta ce a janye ɓallewa tukuna, taro ya watse. Aka sake gwadawa a Yamai wajen shugaban Nijar Diori Hamani a Yuli, sannan Addis Ababa, yara kuwa na ta mutuwa da yunwa a Gabas. Wannan tabo ne da duk wanda ya zauna a majalisun ɓangarorin biyu yake da kaso a ciki.

Yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairu 1970. A 1971 Malam ya koma ma'aikatar lafiya, ya riƙe ta har 1974. Da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar PRP a 1979, Samuel Ikoku, ɗan ƙabilar Ibo, shi ya ɗauka mataimaki.